James Hadley Chase: Ɗan Tallan Littattafai Da Duniya Ta Yi Rububin Labaransa

 

Yau a filinmu na littattafai da marubuta za mu tsallaka teku. Mutumin da za mu ɗauko Bature ne, ɗan Ingila, ko kalma ɗaya bai taɓa rubutawa da Hausa ba. Duk da haka na tabbata akwai dattawa cikinku, tsofaffin malaman makaranta da ma'aikata da sojoji masu ritaya, waɗanda da jin sunansa za su gyara zama. Shi ne James Hadley Chase. Wanda ya yi sakandare a ƙasar nan a shekarun 1970 da 1980 ya san yadda littattafansa suke yawo hannu zuwa hannu a ɗakin kwanan ɗalibai. Bango ya yage, shafin farko ya ɓace, amma ana nan ana bin layi, kowa yana cewa in ka gama ni ne. Wani ya soke shi a tsakiyar littafin lissafi lokacin firef, wani ya ƙarasa shi da tocila cikin bargo bayan an kashe fitila. Mutane da yawa da kuke jin suna zuba Turanci yau, in sun faɗi gaskiya, a wajen wannan mutumin suka saba da karatu mai tsawo.

To wane ne shi, kuma ta yaya ya kama zukatan mutanen da bai taɓa gani ba?

Sunansa na yanka René Lodge Brabazon Raymond. An haife shi a Landan ranar 24 ga Disamba, 1906. Mahaifinsa Kanar ne a rundunar sojan mulkin mallaka ta Indiya, likitan dabbobi, kuma burinsa yaron ya karanci kimiyya. An sa shi a makarantar King's School da ke garin Rochester. Yaro bai bi wannan hanya ba. Yana ɗan shekara 18 ya bar gida, ya shiga neman na kansa.

Ina so ku riƙe wannan gaɓar da kyau, domin a ganina nan ne sirrin mutumin yake. Aikin da ya samu shi ne tallan littattafai gida-gida. Yana ƙwanƙwasa ƙofa yana nuna wa iyaye manyan kundayen ilimi na yara, wani ya saya, wani ya rufe masa ƙofa. Daga nan ya kama aiki da Simpkin Marshall, wani babban kamfanin sarin littattafai a Landan, inda masu kantuna suke zuwa su yi oda. Shekara da shekaru yana ganin littafin da ake ɗauka katan-katan, da wanda yake kwana a kan kanta har ƙura ta rufe shi. Mai tuwo-tuwo a tasha ba ta bukatar kowa ya gaya mata miyar da fasinja suka fi so, tukunyar da take fara ƙarewa ita ce shaidarta. Haka Raymond ya san mai karatu. Tun kafin ya ɗora alƙalami a takarda ya san me talaka yake cire kuɗinsa ya saya, a wane shafi yake gajiya, me ke hana shi barci.

Abin da kasuwa take so a lokacin kuwa shi ne labarin 'yan ta'addar Amurka. Daga 1920 zuwa 1933 gwamnatin Amurka ta haramta sayar da giya, sai fasa-ƙwaurinta ya zama babbar sana'a, gungun 'yan bindiga suka yi ƙarfi, irin su Al Capone a birnin Shikago. A 1929 tattalin arziki ya karye, mutane miliyoyi suka rasa aiki, fashin banki da sace masu kuɗi suka yawaita. Jaridun Ingila kullum cike suke da waɗannan labarai. Akwai wata tsohuwa, Ma Barker, wadda 'ya'yanta suka addabi jama'a da fashi da garkuwa da mutane, har jami'an FBI suka harbe ta tare da ɗanta ɗaya a jihar Florida a 1935. Raymond ya karanta labarinta. Ya kuma karanta littafin James M. Cain mai suna The Postman Always Rings Twice, wanda ya fito a 1934 ya yi kasuwa sosai. Sai ya ce a ransa shi ma zai iya.

Matsala ɗaya ce: bai taɓa taka ƙasar Amurka ba. Sai ya nemo taswirorin garuruwanta, ya nemo ƙamus na irin maganar da 'yan iskan titin Amurka suke yi, ya zauna. Masu tarihinsa sun ruwaito cewa cikin hutun ƙarshen mako shida ya kammala littafinsa na farko, No Orchids for Miss Blandish. Maɗaba'ar Jarrolds ta buga shi a 1939, yana da shekara 32, kuma a kansa ne sunan James Hadley Chase ya fara bayyana.

Labarin 'yar wani hamshaƙin attajiri ce da wasu ƙananan ɓarayi suka tare don su ƙwace mata sarƙar lu'ulu'u. Abu ya ƙwace musu, suka yi kisa, suka tafi da ita. Sai wani gungun da ya fi su ƙarfi ya karkashe su ya karɓe ta. Shugabar wannan gungu tsohuwa ce mara imani, Ma Grisson, tana da ɗa mai taɓin hankali da son zubar da jini, Slim. Uban yarinya ya biya kuɗin fansa, ba a sako ta ba, ya ɗauki wani mai bincike mai zaman kansa, Dave Fenner, ya nemo ta. An same ta daga ƙarshe, amma abin da aka yi mata ya riga ya kashe mata zuciya.

Littafin ya fito ne a shekarar da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, kuma ya sayu fiye da tunanin kowa. Sojoji suna karanta shi a bariki, farar hula suna karanta shi a ramukan ɓuya yayin da jiragen Jamus suke ruwan bama-bamai a Landan. A 1942 aka mayar da shi wasan kwaikwayo na dandali, a 1948 aka yi fim ɗinsa wanda ya tayar da ƙura a Ingila saboda tsananin ta'asar da ke ciki. Shi kuwa marubucin yana cikin kaki, domin ya shiga rundunar sojan sama ta Ingila, ya kai muƙamin Sukwadiron Lida, yana cikin masu shirya mujallar rundunar.

A 1944 George Orwell ya yi dogon sharhi a kan littafin. Orwell ba baƙo ba ne a wajenmu, shi ne mai littafin da Bala Abdullahi Funtuwa ya fassara mana da sunan Gandun Dabbobi. Ya yarda cewa rubutun gwani ne, da wuya ka tsinci kalmar da aka zuba a banza. Amma abin ya tsorata shi. Ya lura cewa a duniyar wannan littafi babu nagari babu mugu, sai mai ƙarfi da mara ƙarfi, ɗan sanda ma bai fi ɓarawo tsarkin hali ba, ya dai fi shi tsari da ƙarfi. Ya kuma nuna cewa ƙashin bayan labarin an ɗauko shi ne daga littafin William Faulkner mai suna Sanctuary na 1931. Hukuncin nan na Orwell, yabo da tsoro a haɗe, har gobe ban ga wanda ya fi shi daidai a kan Chase ba.

Bin kasuwa ido rufe yana da farashi, kuma Chase ya biya har sau biyu. Na farko a kotu. A 1941 ya fitar da Miss Callaghan Comes to Grief, labarin masu safarar mata zuwa karuwanci, ya zuba batsa da azabtarwa a ciki. A 1942 aka gurfanar da shi da maɗaba'arsa a babbar kotun laifuka ta Old Bailey, aka same su da laifin buga littafin batsa, aka ci kowannensu tarar fam 100. Na biyu ya fi wannan zubar da mutunci. Raymond Chandler, shahararren marubucin labaran bincike na Amurka, ya gano cewa an kwashe wasu sassa na rubutunsa an zuba a wani littafin Chase. Dole Chase ya fito ya ba da haƙuri a bainar jama'a, a mujallar masu sana'ar littattafai ta The Bookseller. Mutumin da ya iya ƙirƙirar labari irin haka ba shi da wata hujja ta miƙa hannu cikin aljihun wani. Gaggawa ce da son a cika kanta da sabon littafi.

Abin da ya burge ni shi ne bai tsaya nan ya lalace ba. Bayan yaƙi ya rage ƙazanta, ya ƙara ƙwarewa, ya kama aiki kamar ma'aikacin da ke sa hannu a rajista kowace safiya. Daga 1939 zuwa 1984, shekara 45, ya rubuta littattafai kusan 90, wato wajen biyu kowace shekara. Wasu ya sa musu sunan Raymond Marshall, wasu James L. Docherty ko Ambrose Grant. Na ƙarshensu shi ne Hit Them Where It Hurts.

Bari mu ɗan zauna a kan yadda yake gina labari, domin nan ne marubutanmu za su ƙaru.

Jaruminsa mafi yawan lokaci ba wani sadauki ba ne. Ɗan ƙaramin ma'aikaci ne: akawun banki, dillalin inshora, makaniki, direba. Albashi ba ya isarsa, bashi ya yi masa katutu, kullum yana ganin kuɗin wasu suna wucewa ta hannunsa. Sai wata rana ƙofa ta buɗe, wani ko wata ta kawo masa dabarar da za ta sa ya yi arziki dare ɗaya. Ya san haramun ce, ya yi ta kokawa da zuciyarsa, daga baya ya faɗa. An tsara komai, an auna lokaci har daƙiƙa. Sannan wani ɗan ƙaramin abu da ba wanda ya yi tunaninsa ya warware shirin gaba ɗaya: maƙwabciyar da ta leƙo ta taga, motar da ta ƙi tashi, abokin da tsoro ya kama. Daga nan sai gangara. Ƙarya ɗaya ta haifi goma, kisa ɗaya ya jawo na biyu, kai kuma mai karatu kana biye da shi zuciyarka na bugawa, ka san ba zai tsira ba amma ka kasa ajiyewa.

Ku ɗauki Come Easy, Go Easy na 1960. Chet Carson ƙwararre ne a kamfanin da ke ƙera akwatunan ƙarfe na ajiyar kuɗi. Shi da abokinsa suka yi amfani da sanin aikinsu suka je fasa akwatin wani attajiri, aka kama shi, aka kai shi wani gidan yari mai azaba. Ya tsere, ya faɗa wani gidan mai da ke can tsakiyar daji, mai wurin, Carl Jenson, mutumin kirki, ya karɓe shi ya ba shi aiki. Ga shi ya samu damar tuba ya fara sabuwar rayuwa. Sai matar mai gidan, Lola, ta gano ko shi wane ne, ta ce ko ya buɗe mata akwatin kuɗin mijinta ko ta kira 'yan sanda. Mutum uku, gida ɗaya, akwati ɗaya, da su ya riƙe mai karatu. Ba zan faɗa muku ƙarshensa ba.

Ko The World in My Pocket na 1959, inda maza huɗu da mace ɗaya suka sace motar sulke ɗauke da dala miliyan ɗaya. Sun yi nasarar sace ta, sun ɓoye ta, amma sun kasa buɗe ta. Dukiyar tana gabansu, ƙarfe ne kawai ya raba su da ita, kuma kowace sa'a da ta wuce tana ƙara musu zargin juna. Wanda ya karanta wannan littafin ya ga yadda kwaɗayi yake cinye masu shi tun kafin hukuma ta iso.

Jimlolinsa gajeru ne. Ba ya ɓata shafi uku yana siffanta fitowar rana ko kayan ɗaki. Mutanensa da baki da aiki suke bayyana halinsu, ba sai ya tsaya ya yi mana wa'azi a kansu ba. Kowane babi yana ƙarewa a inda dole ka buɗe na gaba. Daga baya ya ƙirƙiro wani gari na masu kuɗi a gaɓar tekun Florida, Paradise City, ya zuba masa 'yan sanda irin su Tom Lepski mai saurin fushi da matarsa Carroll, waɗanda rigimarsu ta cikin gida take sassauta zafin labari. Akwai kuma Mark Girland, ɗan leƙen asirin da ke zaune a Paris, da Vic Malloy mai bincike. Masu karatu sun saba da waɗannan mutane har suna jiran dawowarsu.

Wani abin lura: Amurkar da ya ƙare rayuwarsa yana rubutawa, ziyara ce 'yar gajeriya ya kai mata daga baya, Miami da New Orleans. Amurkawa kansu ba su rungume shi sosai ba, sun san garuruwansu, suna jin inda harshen ya kauce. Kasuwarsa tana wajen waɗanda, kamar shi, a takarda da sinima suka san Amurka. Faransawa sun ɗaukaka shi ƙwarai. Maɗaba'ar Gallimard ta sa littafinsa na farko a matsayin na uku a jerin labaran laifuka da ta fara a 1945 mai suna Série noire, kuma masu sauraronmu na Nijar da suka yi karatun Faransanci wataƙila ta wannan ƙofa suka san shi. Ya yi kasuwa a Indiya, ya yi a Rasha, ya yi a ƙasashen Afirka, inda ƙananan bugun Corgi da Panther masu araha suka cika teburan masu sayar da littattafai. An yi finafinai kusan 50 daga labaransa, ciki har da Eva na Joseph Losey a 1962 da The Grissom Gang na Robert Aldrich a 1971.

Shi kansa mutum ne mai gudun jama'a. Wanda ya cika littattafansa da bindiga da mata da caca ya zauna da matarsa ɗaya tun aurensu a 1932, suna da ɗa guda. Ya koma Faransa a 1956, sannan Suwizalan a 1969, ya zauna a ƙauyen Corseaux da ke bakin tafkin Janeba. Da wuya ya yarda ɗan jarida ya yi hira da shi. A can ya rasu ranar 6 ga Fabrairu, 1985, yana da shekara 78.

Yanzu ga inda ba zan rufa masa asiri ba. Mace a yawancin littattafansa tarko ce. Kyakkyawa ce mai son kuɗi, ita ke jan namiji zuwa halaka, kuma bangon da maɗaba'a take sa wa littattafan, mace rabin tsirara riƙe da bindiga, yana ƙara wa abin gishiri. Yaro ɗan shekara 15 da ya karanta irin wannan guda talatin, dole wani abu ya zauna masa a zuciya game da mata, kuma abin ba alheri ba ne. Baƙar fata ma bai yi mana adalci ba. In muka bayyana, ko bara ne ko abin tsoro. A The Vulture Is a Patient Bird na 1969, wanda ya kai labarin Afirka ta Kudu, mayaƙan Zulu ba su da wani matsayi sai na mafarautan da wani attajirin Bature yake sakin su a kan ɓarayin da suka sace masa zobe. Da yawanmu mun karanta wannan muna jin daɗi, ba mu tsaya mun tambayi kanmu yadda aka zana mu ba.

Sannan akwai batun garkuwa da mutane, wanda a kansa ya gina sunansa. A 1939 wannan nishaɗi ne ga mai karatu a Landan. A yau, ga mutumin Zamfara ko Birnin Gwari ko Katsina da ya sayar da gona da shanu ya kai kuɗin fansa daji, babu nishaɗi a ciki ko kaɗan. Marubucinmu da zai taɓa wannan batu yana da nauyin da Chase bai taɓa ɗauka ba, domin waɗanda abin ya shafa suna cikin masu karanta shi. Bai halatta ya mayar da mai garkuwa gwarzo ba.

Ƙishirwar da irin littattafan Chase suka tayar ba ta tafi a banza ba. A 1977 kamfanin Macmillan ya fara jerin Pacesetters, gajerun labarai masu sauri da 'yan Afirka suka rubuta a kan garuruwan Afirka, kuma cikin na farko-farko akwai The Undesirable Element na Mohammed Sule, ɗan Kano. Daga tsakiyar shekarun 1980 kuma marubutan Hausa suka ɓalle da nasu, abin da aka zo ana kira Adabin Kasuwar Kano. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a 1991. Yawancin marubutan wannan zango su suke buga littafinsu da kuɗinsu, su kai wa 'yan kasuwa da hannunsu, su ji daga bakin mai saye abin da ya yi masa daɗi da wanda bai yi ba. Makarantar da Chase ya yi ke nan, su ma ita suka yi, kuma masana sun yi musu irin kallon rainin da aka yi masa.

Saboda haka, 'yan'uwa matasa masu rubutu a WhatsApp da Wattpad, maza da mata, da ku nake. Ku nemi littafin Chase ko guda biyu ne, ku karanta da idon mai koyon sana'a. Ku duba yadda yake buɗe babi da yadda yake rufe shi, ku ƙirga mutanen da ya riƙe labari da su, ku ga shafukan da bai ɓata ba. Batsar da ta kai shi kotu ku bar masa, kada kuma ku kwafi shafin wani ku sa sunanku, domin a zamanin waya kwana ɗaya ya isa a tona ku. Shi sai da ya sayi taswira da ƙamus kafin ya san titin da zai rubuta. Ku kuwa Kantin Kwari da Kasuwar Kurmi da tashar mota da layin asibiti da zauren unguwarku suna nan a gabanku, kun san maganar mutanensu, kun san abin da ke hana su barci. Ku rubuta mana su.

Iyaye da malamai kuma, in kun ga yaro ya kama karatun labari, kada ku ƙwace ku yaga. Ku karɓa ku duba, ku zauna ku tattauna da shi a kan abin da ke ciki, in bai dace da shekarunsa ba ku musanya masa da wani.